Bazarar da Yaya Ta Daina Ji

Rana ɗaya aka sa mu lakwal, wato makarantar boko, ni da yayata, ko da yake ta girme ni da shekara biyu. A ƙauyenmu, can gabas da Illela, ba kowace shekara ake ɗaukar sababbin yara ba, domin malami ɗaya gare mu, aji kuma rumfar kara ce da ake sake ɗaurawa duk bayan girbi. Da shekarar ɗauka ta zo sai aka tattara manya da ƙanana, aka zaunar da mu benci guda: Yaya a hagu, ni a tsakiya, wata ɗiyar maƙwabtanmu a dama.

Yaya ce mai bakin gidanmu. Tun daga ƙofar gida har lakwal ba ta yin shiru. Ta iya kwaikwayon muryar kowa, har tarin liman da yadda malaminmu, wanda muke kira Mushe, yake jan hanci kafin ya fara dikte, wato shifta. Ni ban cika magana ba, kuma ban ga amfanin yi ba tunda tana yi mana mu biyu. A aji ita ke raɗa mini amsar lissafi, ni kuma in karkata allona don ta ga yadda ake rubuta kalmomin Faransanci masu haruffan da ba a furtawa.

A shekararmu ta uku, tsakiyar bazara, aka aiko cewa kawun Inna ya rasu a wani ƙauye da ke yamma da mu, dole ta je gaisuwa. Inna tana da goyo a lokacin, ƙanenmu mai wata takwas, kuma duk sadda za ta yi doguwar tafiya a ƙasa sai ɗayarmu ta fasa lakwal ta bi ta don su riƙa karɓeɓeniyar goyon. Bi da bi muke yi. Yaya ta je wancan karon, saboda haka wannan nawa ne.

Sai dai a ranar ce Mushe ya yi mini alkawarin zan buga ƙarfe. Wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne rataye a reshen itacen bedi, wanda ake bugawa a shiga aji, a kuma buga a tashi, kuma wanda ya fi kowa a dikte shi ake ba shi na yini guda. Ban taɓa samu ba sai wannan karo. Da Inna ta ce in ɗauko zanen goyo, sai na zauna a ƙasa na fashe da kuka.

"Tashi ki bar mini sakarci," in ji Inna. "Yau ke ce."

Na ƙi tashi. Yaya tana tsaye da allonta a hammata tana kallona. Can sai ta ajiye allon a kan turmi.

"Inna, bar ta ta tahi. Ni in bi ki."

Ko godiya ban yi mata ba. Na share hawaye na ruga.

Da hantsi, muna cikin lissafi, wata farar mota ta tsaya a bakin lakwal. Mutum huɗu suka fito da akwatuna masu sanyi a ciki. Ɗayansu, wata mata mai farar riga, ta ce mana sanƙarau ya ɓulla a garuruwan wajen Konni, sun zo su yi wa kowa allura kafin ya iso mu. Muka yi layi a inuwar bedi. Wasu suka yi kuka tun kafin a zo kansu, wani yaro ya tsallake dangar lakwal aka kamo shi. Ni dai na runtse ido, na ji zafi a dantse, aka miƙo mini wani ɗan kati. Bayan ƴan lakwal sai mai shela ya zaga, mutanen gari suka fito da yaransu. Kafin la'asar motar ta wuce ƙauye na gaba. Da hannun da ke yi mini tsami na buga ƙarfen tashi, kuma na buga shi da ƙarfi.

Su Inna ba su dawo ba sai gab da magariba. Na nuna wa Yaya katina da wurin allurar, ina taƙama. Baba ya ce masu allurar sun bar saƙo cewa wanda bai samu ba a kai shi gidan likita na Illela, kuma shi zai kai Yaya da jaririn ranar kasuwa. Ranar kasuwa ta zo, jakinmu yana ɗingishi. A sati na gaba aka yi suna a gidan ƙanen Baba. Ba wanda ya ƙi zuwa, ranakun ne kawai suka yi ta wucewa.

Wata Laraba da azahar, muna dawowa daga lakwal, Yaya ta yi shiru. Wannan ne ya fara ba ni tsoro, tun kafin ta ce komai. Da muka kai rijiya ta tsaya ta dafe goshi.

"Kaina kamar ana sara shi da gatari," in ji ta. "Ranar nan ta yi haske da yawa."

A gida ta yi amai, jikinta ya ɗauki zafi. Washegari da safe Inna ta ɗago kanta za ta ba ta kunu, Yaya ta ƙwalla ƙara. Wuyanta ya sandare, ba ya lanƙwasuwa. Kakarmu, mahaifiyar Baba, ta leƙo ta gani, ta fita ta je da kanta ta aro jaki da amalanke. Aka shimfiɗa tabarma, aka kwantar da Yaya, aka yi mata inuwa da zane. Inna ta hau da goyonta, Baba ya kama igiya. Na bi su har bakin gari, Baba ya juyo ya ce in koma.

Kusan sati uku suka yi. Ni da Kaka kaɗai muka rage a gidan. Kaka ba mai hira ba ce. Tana ba ni fura, tana taɓa goshina safe da yamma, tana sa ni in sunkuyar da kai har haɓata ta taɓa ƙirji, ta gani ko wuyana lafiya, daga nan ta koma kan carbinta.

Na ci gaba da zuwa lakwal. Ranar farko na tarar ɗiyar maƙwabtanmu ta koma wani benci, sun matsu su huɗu. Mushe ya ce ta dawo wurinta, ya yi bayani cewa an yi mini allura kamar kowa. Ta sunkuyar da kai ta ce innarta ce ta hana. Bai tilasta ta ba. Haka na zauna ni kaɗai a bencin mutum uku, na rasa ko a tsakiya zan zauna ko a gefe. In an fita hutu, ƴan mata su yi da'irar gaɗa a can, ni in tsaya jikin bedi ina ɓare ɓawonsa da farce. Akwai randa ɗaya da moɗa ɗaya a lakwal. Na lura in na sha ruwa ba mai taɓa moɗar bayana, sai na daina sha har in koma gida.

Wasu yara biyu a garin su ma sun kamu a kwanakin. Ɗaya ya dawo, ɗaya bai dawo ba, wani ƙaramin yaro da bai isa shiga lakwal ba. Ranar da aka binne shi na ji mata a bakin rijiya suna ambaton gidanmu, da suka gan ni suka yi shiru.

Baba yakan zo bayan kwana uku ko huɗu ya ɗauki gero ya koma. Duk zuwansa sai in tare shi a ƙofa.

"Baba, yaya jikin Yaya?"

"Da sauƙi."

"Ta tambaye ni?"

"Da sauƙi, na ce miki."

Abin da ke cikina ban faɗa wa kowa ba. Na san ranar tafiya gaisuwa tawa ce. Na san allurar da ke dantsena ta Yaya ce, ni na karɓe mata da kuka. Ina ɗiyar shekara tara, amma wannan lissafin ban buƙaci a raɗa mini amsarsa ba.

Ranar da suka dawo ina cikin tsakar gida ina tankaɗe. Na ji ƙarar amalanke, na watsar da rariya na fita a guje. Yaya tana zaune, ta rame har idanunta sun yi mata yawa a fuska. Na riƙa kiranta ina tsalle, ina zuba mata labari, duk maganar da na tara ta sati uku: wanda Mushe ya doka, akuyarmu da ta haihu, benci. Ban taɓa yin magana mai yawa haka ba a rayuwata. Tana kallon bakina. Sai ta ce, da wata murya mai ƙarfi da ban san ta da ita ba:

"Ke, mi kike raɗa? Ɗaga murya mana!"

Na ɗaga. Na ƙara ɗagawa har maƙwabta suka leƙo. Inna ta juya mana baya tana gyara goyon da ba abin da ya same shi. Baba ne ya dafa kafaɗata.

"Bar wahal da kanki. Likita ya ce ciwon ya tahi da kunnuwan."

"Yaushe za su dawo?"

Ya ɗauki Yaya ya shigar da ita ɗaki, don ƙafafunta ba sa riƙe ta sosai. Ta yi watanni tana tafiya kamar mai taka kwale-kwale, tana dafa bango.

Bayan damina, da aka koma lakwal, ta ce za ta je. Na yi murna ƙwarai. Muka zauna bencinmu. Mushe ya yi iya ƙoƙarinsa: ya matso da mu gaba, yakan juyo ya fuskance ta in zai yi magana, yakan rubuta mata tambaya a babban allo. Amma rumfa cike take da yara, kuma rabin karatunmu da kunne ake yin sa. Da aka zo dikte, kowa ya duƙa yana rubutu, ita tana riƙe da alli tana kallon leɓensa, allonta wayam ba ko ɗigo. Ta juyo za ta tambaye ni wani abu, a zatonta raɗa take yi, muryarta ta cika ajin. Yara suka kwashe da dariya. Ba ta ji dariyar ba, amma ta ga bakunansu. Kwana shida ta yi. A na bakwai ta ce kanta na ciwo, a na takwas ba wanda ya tambaye ta.

Hanyar lakwal ba ta da nisa, amma daga lokacin ni kaɗai nake bin ta, zuwa da dawowa, har na gama.

A gida ma abin bai zo da sauƙi ba. Inna da Baba ba su iya rubutu ba, sai nuni da hannu da jan zane. Ni da Yaya mun iya, amma Faransanci kawai aka koya mana, nata kuma ya tsaya a aji uku. Wata rana ina son in ce mata ta zo mu ci tuwo, na rasa yadda zan yi, sai na ɗauki allo na rubuta Hausar da haruffan Faransanci, yadda kunnena ya ba ni: "zo mou tchi touwo". Ta daɗe tana kallo, leɓenta na motsi. Sai ta yi dariya, dariyarta ta farko tun dawowarta, ta ce, "Wanga wane irin rubutu ne, kamar kaza ta bi ta kan toka?" Amma ta gane.

Daga nan allon ya zama bakin gidan duka. In Inna za ta yi mata faɗa, ni ke rubutawa, nakan rage masa zafi. In Baba ya dawo kasuwa da labari, ni ke taƙaita mata. Kullum da yamma muna zama bayan rumbu in rubuta mata abin da ya faru a lakwal, in goge da yawu da gefen zane, in sake rubutawa. Allo ƙarami ne, labarin da za a faɗa cikin numfashi ɗaya sai ya ci gogewa biyar. Ta daina kwaikwayon muryoyin mutane. Ta ce mini ta fara manta yadda wasu suke, tana tuna ta Inna da tawa, amma tawa ta ƴar shekara tara ce.

Da na ci jarrabawar shiga kwaleji, sai ya zama dole in tafi Illela in zauna gidan wani ɗan'uwan Baba. Ni ce ɗiya mace ta farko daga gidanmu da ta kai nan, kowa yana sa albarka. A lokacin Yaya ta fara karanta leɓen Inna kaɗan kaɗan, amma hira ta gaske da ni kaɗai take yi. Ranar tafiyata ita ta ɗaure mini kaya, ta ɗauka a kanta har bakin hanya. Na ciro alli zan rubuta mata wani abu, ta riƙe hannuna.

"Bari. Na san abin da za ki ce. Tahi ki yi karatu."

Na bar mata allon. Da na zo hutu na tarar da shi a saman randa, an mai da shi murfi.

Shekaru suka wuce. Na yi karatu a Illela, na ƙarasa a wani gari, na zama malama, aka turo ni Konni. Yaya ta auri wani manomin albasa a ƙasar Malbaza, mutum mai haƙuri wanda tun asali ba ya son yawan magana. Ita ta ce tana son shi, don in yana mata magana yana kallon fuskarta, ba ya gajiya da maimaitawa. Ɗiyansu uku. Ni aurena bai daɗe ba, ban kuma sake ba. Ɗaki ɗaya nake haya kusa da tasha.

A lakwal ɗin da nake koyarwa masu allura sukan zo, wani lokaci ta sanƙarau, wani lokaci ta baƙon dauro. Abokan aikina sun san halina a irin wannan rana. Nakan buɗe littafin kiran suna in ga wanda bai zo ba, in hau kabu-kabu in bi su gida gida. An taɓa rufe mini ƙofa a fuska, an taɓa tambayata ko ni ce na haifi yaron. Ba na gardama, nakan tsaya ne kawai a ƙofar har a gaji da ni. Wasu sukan ba ni yaron, wasu ba sa bayarwa.

Bayan wata irin wannan rana ne na kasa zama, na shiga mota zuwa wurin Yaya. Na same ta a rumfa tana ware albasa, manya gefe, ƙanana gefe. Na zauna na ciro kaye, wato littafin rubutu, da biro, na rubuta mata abin da na riƙe fiye da shekara ashirin. Na cika shafi guda: ranar gaisuwa, ƙarfe, kukan da na yi, allurar. Na ce ki yafe mini. Ta goge hannu a zane, ta karanta a hankali da yatsa a kan layi. Da ta gama ta dube ni.

"Wanga abu kike ɗauke da shi duk shekarun nan?"

Na gyaɗa kai.

"Ke dai sakarya ce tun kina ƙarama. Ai na san masu allura na zuwa ranar. Ɗiyar maigari ta hwaɗa mini tun jajibiri, an aiko wa babanta. Ni kuwa kin san ni da allura. Da kika fara kuka, daɗi na ji."

Na karɓi kayen na rubuta: "Da gaske?"

"To ƙarya zan yi miki?" Ta tura mini kwando. "Taya ni, rana na yi."

Na taya ta har la'asar. Har yau ban san ko gaskiya ta faɗa mini ba ko kuwa ta ƙirƙira ne a take don ta sauke mini kaya. Ɗiyar maigarin ta daɗe da rasuwa, ba wanda zan tambaya. Wani lokaci ina yarda, wani lokaci ba na yarda. Ban sake ɗauko mata maganar ba.

Shekara biyu da suka wuce mijinta ya saya mata waya don ta riƙa karanta saƙo. Saƙon tana karantawa in ta ga dama, amma ta gano wani amfani da ba wanda ya yi tunaninsa. Takan kira ni. In ta ga lambobi sun fara tafiya a fuskar wayar, ta san na ɗauka, sai ta kara ta a baki ta fara. Ba sallama mai tsawo, ba jiran amsa. Takan kira bayan la'asar, sadda na dawo daga aiki ina zaune a bakin ƙofata. Da farko nakan yi shiru, don na san ba ta ji. Daga baya na ga ba zan iya ba, sai na koma amsa mata kamar kowa.

Juma'ar da ta wuce ta kira. Ta ba ni labarin tunkiyarta da ta shiga masallaci ana tsakiyar salla, yadda mijinta, yana sahun gaba, ya gane kukan tunkiyar gidansa amma ya daure bai waiwaya ba. Ita ba ta ji kukan ba, ɗiyarta ce ta kwatanta mata, amma yadda ta ba da labarin sai ka ce tana wurin. Na yi dariya har na share hawaye.

"Kai, Yaya! To wa ya fitar da ita?" na ce.

A lokacin ta riga ta wuce kan maganar rijiyarsu da ta ja baya, da ƙaramin ɗanta da haƙori ke fito wa. Ta yi ta yi, ina cewa to, ina cewa Allah sarki. Can ta ja numfashi.

"Shi ke nan, na gama. Ki ci abinci, kin ji? Kar ki kwana da shayi."

Ta kashe. Na zauna riƙe da wayar, masu kabu-kabu suna wucewa suna danna oda, wata mota ta lodin buhuna tana ƙoƙarin juyawa a bakin tasha. Da aka kira magariba na tashi na ɗora tukunya.